Ta Ƙarshe a Ɗakin Tiyata

A asibitin da Auta take aiki, in ka ji an ce wane na ƙarshe ne, to ba zancen layi ake yi ba. Ni ba ma'aikaciyar asibiti ba ce, ɗinki nake yi, galibi kayan 'yan makaranta. Amma kusan duk abin da ke faruwa a ɗakin tiyatar nan na san shi, don 'yata Auta nas ce a can, kuma ba ta iya kwana da labari a ciki. Tana shigowa za ta yar da jaka, ta ja kujera kusa da keken ɗinkina, ta ɗora ƙafafu a kan buhun ƙyallaye, sai bayani. Ƙaton da ya suma da ganin allura, likitan da ya yi faɗa, matar da ta farka daga barci tana kiran wani da ba mijinta ba. Suna ne kawai ba ta faɗa. Wannan kam an koya musu a makaranta, kuma ta riƙe.

"Yau na ƙarshe muka yi, Umma. Bayana kamar ya tsinke. Safar hannu biyu, tabarau, ga rigar ledar nan mai zafi, in an gama kuma a wanke ɗaki tun daga sama har ƙasa."

Ranar da na fara jin haka na tambaye ta, mene ne kuma na ƙarshe? Ta rage murya, alhali daga ni sai ita sai keke a ɗakin.

"Masu ƙanjamau mana. Ba a faɗa, doka ta hana. Sai dai a bar su sai kowa ya gama. Da kin ga an mai da mutum ƙarshe ba dalili, kin gane."

Na ce to ai an faɗa ke nan. Ta ce a'a, ai ba wanda ya buɗe baki. Na ci gaba da taka keke, na ɗinke aljihun wata riga a baibai, sai da safe na lura na farke.

Ni dai ina ɗauke da cutar nan tun Auta tana sakandare. Babansu ya rasu ya bar mini keke, da gida mai yoyo, da ita cutar. Ciwon huhu aka ce wa yara, kuma ba ƙarya aka yi ba, huhun ne ya ƙarasa shi. Ban taɓa tambayarsa inda ya samo ba, lokacin da na sani ya riga ya wuce tambaya. Yayyen Auta duk sun yi nisa da gidajensu, ita ce ta rage mini, kuma ita ce 'yar babanta. Hotonsa ne a fuskar wayarta har yau. In za ta rantse, da kabarinsa take so ta rantse, sai na harare ta. To ta yaya zan zaunar da wannan yarinya in ce mata ga abin da babanki ya bar mini?

Maganina yana cikin gwangwanin maɓallai, a ƙasa, ƙarƙashin farare. Ba wanda ke taɓa gwangwanin tela in yana son zaman lafiya. Can wani ƙaramin asibiti nake karɓowa, a ɗaya gefen gari bayan masu sayar da katako, inda ba wanda ya san ni uwar nas ce. Duk ranar zuwa sai in ce zan je sayen zare. Zaren da na tara a gidan nan saboda ƙarya ya isa a buɗe shago. Lafiyata kuwa ƙalau, na fi wasu masu cewa ba su da komai. Ɓoyon ne kawai ya ishe ni. Kullum kana lissafin abin da ka faɗa jiya don kada na yau ya ƙaryata shi, wannan ya fi taka keke cin ƙarfi.

Sai ga tsakuwa. Ciwo ya riƙa kama ni a ƙarƙashin haƙarƙari na dama, in na ci mai sai in kwana ina juyi. Aka ɗauki hoto aka ce tsakuwa ce a matsarmama, sai an cire. Na ce wa Auta akwai wani asibiti da aka yaba mini. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Ina raye, ina aiki a ɗakin tiyata, a kai ki hannun baƙi? Me za a ce da ni? Na riga na yi wa likitanmu magana. Ke ce ta farko ma ranar, tun ɗaki yana sabo, kowa da ƙarfinsa."

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Na bi ta.

Likitan yaro ne, ba zai girmi babban ɗana ba, amma idanunsa na tsofaffi ne, irin na wanda ya daɗe bai yi barci ya ƙoshi ba. Ofishinsa ɗan ƙarami, fanka tana juyi tana ƙara, ga kofin shayi da ya huce a kan taga. Auta ta tsaya a bayana tana amsa tambayoyin da ni ake yi wa. Hawan jini? Babu. Ciwon suga? Babu. Tana shan wani magani kullum? Babu, in ji Auta, ko na ciwon kai sai an yi da gaske. Na dafe ƙirji na ce ƙishi nake ji, ta samo mini ruwa, amma ba mai sanyi ba. Na san a asibitin nan samun ruwan da ba sanyi sai an je har bakin ƙofa.

Tana fita na faɗa masa. Ban yi kwana-kwana ba, ba lokaci. Na kira masa sunan maganin, na ce ga tsawon shekarun da na yi ina sha, kuma gwajin baya sun ce cutar ta kwanta har ba a ganin ta a jini.

Bai zabura ba, bai ja kujera baya ba. Na yaba masa da wannan.

"Kin kyauta da kika faɗa, Mama. Ba don tsoro ba, don maganin ne. Akwai allurar barcin da ba ta shiri da shi. Dole in gaya wa mai allurar barci, shi ne ranki zai kasance a hannunsa. Kuma ƙa'idar gidan nan, shugabar ɗakin tiyata tana sani."

Shugabar na san ta a bakin Auta. Uwar Ɗaki suke ce mata, ta fi shekara talatin a wurin, likitoci ma lallaɓa ta suke yi.

"Ka gaya wa wanda ya zama dole," na ce. "Amma yarinyar nan ba ta sani ba."

"Ba za ta ji daga bakinmu ba. Kasancewarta ma'aikaciya bai ba ta iko ba. Ba ta cikin masu yi miki aiki, ba a barin mutum ya shiga tiyatar mahaifiyarsa."

"Ba bakinku nake tsoro ba, Likita. Kada ku mai da ni ƙarshe."

Nan ne ya ɗago ya dube ni sosai. Ya cire tabarau ya murza idanu.

"Har wannan kin sani."

"A gidana ake sauke gajiyarku."

Ya ce tsohuwar al'ada ce tun zamanin da ba magani, ba ta da tushe yanzu. Yadda ake wanke ɗaki bayan kowa haka ya kamata a wanke bayana, kayan aiki kuwa duk dafa su ake yi. Ya ce ya yi magana a taro har ya gaji da jin muryarsa. Ya ce in kwantar da hankali, ni ce ta farko. Auta ta shigo da ruwa tana mita, na sha ba don ina so ba.

Aka kwantar da ni tun jajibirin ranar a ɗakin mata, dogon ɗaki mai gadaje jere, labule kore tsakanin kowane biyu, rabinsu sun fita daga ƙugiya. Aka ce kada in ci komai, kada in sha. Da sassafe wata nas ta ba ni rigar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda ko wane tela ya yanka ta Allah ya isa tsakaninsa da mata. Auta ta nemi a bar ta a ɓangarenmu ranar, tun da ba za ta shiga ciki ba. Ta ɗaure mini igiyoyin, ta ce yanzu mai tura gado zai zo, sannan aka kira ta wani ɗakin.

Mai tura gadon ya zo, dattijo mai fara'a, tayar gadonsa ɗaya tana kuka tun daga nesa. Na gyara zama. Ya wuce ni ya ɗauki wata yarinya a can ƙurya.

Na ce wa kaina wataƙila nata na gaggawa ne. Tayar ta sake kuka, ya ɗauki wata tsohuwa mai ƙari a wuya. Rana ta hau taga ta sauka a kan ƙafafuna. Maƙwabciyata, wata mai jiki da ta zo cire ƙaba, wadda tun jiya ta ba ni tarihin surukanta kaf, ta leƙo ta gefen labule.

"Yaya, ba ke aka ce ta farko ba? Ke da kike da 'ya a gidan? To mu marasa kowa sai yaushe?"

Ba ta rufe baki ba aka zo aka ɗauke ta. Ta tafi tana ɗaga mini hannu kamar mai shiga mota.

Ban ji tsoro ba, abin mamaki. Yunwa na ji, da ƙishi, da wata irin kasala da ta danne ni a kan katifar ledar nan. Shekara da shekaru ina ɗinke wannan magana ta kowane gefe, ga shi za a farke ta ba tare da kowa ya ce uffan ba. Kuma ba wanda zan kama. Likita bai karya alkawari da bakinsa ba. Yana can ciki hannunsa cikin cikin mutane, wanda aka turo masa shi zai yanka.

Wajen azahar Uwar Ɗaki ta zo da kanta. Gajeriya ce, hularta a tsaye, takalmanta ba sa ƙara. Ta ja labule ta rufe mu, ta tsaya daga ƙafar gado, hannuwa a baya.

"Sannu, Maman Auta. Ana ta jira ko? Ki yi haƙuri, za a zo kanki. Za mu kula da ke sosai da sosai."

"Likita ya ce ni ce ta farko."

"Likita yanka yake yi. Ɗaki nawa ne." Ta faɗa a hankali, ba da faɗa ba. "Yaran da ke ciki amana ce a hannuna. Na taɓa ganin allura ta soki wata a gabana, tun ba a samu magani ba. Ni na raka gawarta. Tun daga ranar haka nake yi, kuma haka zan yi har in ajiye aiki."

"'Yata ta san ma'anar ƙarshe."

Ta sauke hannuwan daga baya. Ina jin sai a lokacin ta haɗa biyu da biyu, ita da ta saba ganin abin a matsayin tsarin aiki kawai, kamar jera almakashi.

"Ba ta sani ba?"

"Da ta sani zan kwanta nan ina roƙon ki?"

Ta dubi agogon da ke maƙale a ƙirjinta. Ta ce yanzu kam an riga an yi nisa, saura mutum ɗaya a gabana, ko ta canza bai gyara komai ba. Ta ce in bar mata Auta. Ta buɗe labule ta tafi, ni kuwa na ma rasa ko haushinta zan ji. Mace ce da ta binne yarinyarta ta aiki. Ni ma da wanda na binne.

Ba a jima ba sai ga Auta kamar an jefo ta. Ashe tana can ɗakin maza an riƙe ta, ta ɗauka tuni na fito ina barci.

"Umma? Ba a shiga da ke ba? Tun safe? Wa ya taɓa mini tsari?"

"Bar su, Auta. Kowa da rabonsa."

"Wane irin bar su? Don sun ga ba na ciki shi ne za su yi mini haka? Ke ba ki ci ba, ba ki sha ba."

Na kama gefen rigarta, ta zame. Na bi bayanta da kallo har ta sha kwana. Na rufe ido na jira. Na shirya fuskar da zan tarbe ta da ita, na rushe, na sake shirya wata. Na tuna hoton da ke kan wayarta, babanta yana dariya da hularsa a karkace.

Da ta dawo, dariya take yi.

"Kin san mene ne? Uwar Ɗaki ta ce likita ne ya ce a bar ki sai ya gama da ƙananan, don naki yana son ya yi shi a natse, ba mai jira a baya. Wai gata aka yi miki. Ni har na fara ɗaga mata murya, sai da ta ce in shiga hankalina." Ta zauna a bakin gado tana fifita da hannu. "Da wata ce ba ke ba, wallahi da na ce ko na ƙarshe ce. Kin ga sharrin aikin nan, yana sa mutum zargi."

Na ce ai kuwa.

Shi ke nan, asiri ya rufu. Tsohuwar ta yi mini ƙaryar da ta fi duk nawa kyau, kuma yarinyar ta haɗiye don uwarta ce, ba ta iya hango ni a wancan layin. Abin da na roƙa na samu. Sai in koma gida da ɗinki a ciki, in ci gaba da zuwa sayen zare. Na lalubi farin ciki a raina ban same shi ba. Abin da na gani kawai shi ne sauran shekarun da suka rage mini, jere kamar gadajen ɗakin nan, kowace da ƙaryar da zan shimfiɗa mata.

"Leɓenki duk ya bushe," in ji Auta. "Ba su ma sa miki ƙarin ruwa ba. Bari in sa da kaina, ban yarda wata ta yi ta lalube a hannunki ba."

Ta jawo ɗan teburin nan mai taya. Ta rataya ledar ruwa, ta ɗaure mini dantse da roba, ta shafa auduga mai sanyi. Kwalin safar hannu yana nan a kan teburin, a buɗe, ba ta ko kalle shi ba. A gida ma haka take yi in tana cire mini ƙaya ko tana yanke mini farce, wa ke sa safa don uwarsa? Ta ɗan bubbuga bayan hannuna tana neman jijiya. A nan na ga yatsarta. Wani ɗan yanka ne a gefen manuniya, sabo, bai ko rufe ba, irin wanda kwalbar allura ke yi musu in sun fasa ta da gaggawa.

Na san abin da likita ya ce. Na san abin da ake gaya mana a can bayan masu katako duk zuwa, cewa wanda cutarsa ta kwanta bai cika sa wa kowa ita ba. Da a ce wata nas ce da na yi shiru na bar ta da iliminta. Amma wannan yatsar ni na haife ta. Ta zare murfin allurar da haƙori.

"Auta."

"Kada ki motsa, Umma, na samu."

"Sa safa."

Ta yi 'yar dariya ba ta ɗago ba. "Yau kuma ni za a koya wa aiki?"

"Sa safa, na ce. Biyu."

Hannunta ya tsaya. Ba ta ɗago nan da nan ba, ta ci gaba da kallon jijiyar da ta samu, babban yatsanta a kai. Can wani ɗaki ana kiran wata nas, fanka tana juyi. Da ta ɗago, ba tambaya a fuskarta. Yarinya ce mai kai, duk abin da ke warwatse ta tattara shi a wannan ɗan lokacin, ina kallo: jiran yau, da zaren da ba ya ƙarewa, da gwangwanin da ba a taɓawa. Na ga lokacin da ta iso kan babanta, don idanunta sun sauka kan aljihun da wayar take.

Na bar ta ta gama lissafinta. Na gaji da magana, ko ta gaskiya ko ta ƙarya.

Ta ajiye allurar. Ta zaro safa ta sa, dama da hagu, a hankali kamar mai koyo. Ta zaro ta biyu ta riƙe. Ta daɗe tana kallon ta, sannan ta cusa ta a aljihu. Ta ɗauki sabuwar allura, ta sake neman jijiyar, sau ɗaya ta soka ta samu. Ta manna filasta ta gyara ta fiye da yadda take bukata.

"Duk abin da nake zuwa ina faɗa a gida," ta ce, muryar can ƙasa. "Kina zaune kina ji."

"Gajiya kike saukewa. In ba a wurina ba, a wurin wa?"

Ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai ga kukan tayar nan daga bakin ƙofa. Rana ta riga ta bar taga. Dattijon ya shigo yana tura gadonsa, shi ma ya gaji, yana so ya sallami aiki ya tafi gida. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya duba dama da hagu, da fara'arsa, ba da nufin komai ba.

"To, ina ta ƙarshen tamu?"

Auta ta runtse ido kamar an watsa mata ruwa. Hannunta dai yana kan nawa. Ni na ɗaga ɗayan na ce masa ga ni nan.